Daga Dornoch zuwa Pinehurst: Gadon Kulob ɗin Golf da Fitar da Yara Wasa Ƙetare



Shugaban taro, iyayenmu da ke zaune a gaba, malaman makarantu, shugabannin kulob-kulob, da ku matasa da kuka cika bayan zaure, barkanku da zuwa. An nemi in yi magana a kan tarihin kulob ɗin golf da al'adar tura yara su buga wasan zumunci a ƙasashen waje. Na san a cikinmu akwai wanda bai taɓa riƙe sandar golf ba, akwai ma wanda yake ganin wasan na masu hannu da shuni ne da manyan sojoji masu ritaya, babu ruwan talaka da shi. Ba zan ja da shi yanzu ba, don yana da hujja, kuma za mu iso wurin. Maimakon in yi ta yawo da ku daga wannan kulob zuwa wancan, guda ɗaya zan ɗauka mu zauna a kansa: Royal Dornoch, a can ƙuryar arewacin ƙasar Sikotlan.

Dornoch ɗan ƙaramin gari ne a bakin teku, mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Daga birnin Inverness tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota, a nufi arewa. Nisansa a arewa ya kai a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, har mutum ya ci abincin dare ya fito ya buga ramuka goma sha takwas. Filin wasan yana kan tudun yashi tsakanin gari da teku, irin ƙasar da ba ta noma, sai gajeriyar ciyawa da wata ƙaya mai furanni ruwan ɗorawa da ke rufe gangaren tudun a watannin Afrilu da Mayu. Filin kuma na jama'ar garin ne, kulob haya yake yi. Za ka ga mai wasa ya dakata, ya jira tsohuwa ta ratsa da karenta zuwa bakin ruwa, sannan ya buga.

Rubutacciyar shaida ta farko cewa ana buga golf a garin ta shekarar 1616 ce. Ku saurari ko mece ce. Lissafin kuɗin da aka kashe wa wani yaro ne, John, magajin sarautar Sutherland, wanda mahaifinsa ya rasu a 1615 ya bar shi yana ɗan shekara shida. Baffansa, Sir Robert Gordon, shi ke riƙonsa, kuma a cikin kuɗin da aka rubuta an kashe wa yaron akwai na baka da kibiya da sandunan golf da ƙwallaye. A kan wannan takarda garin ya dogara ya yi bikin cika shekara 400 da wasan a 2016. Wato tarihin golf a Dornoch da sayen kayan wasan yaro maraya ya fara, kuma mun san haka ne domin wani ya zauna ya rubuta abin da ya kashe.

Kulob ɗin kansa sai a 1877 aka kafa shi, da ramuka tara. A 1886 suka gayyato Old Tom Morris daga St Andrews, wanda a zamaninsa babu kamarsa wajen tsara fili, ya shimfiɗa musu sauran. Attajirin nan Andrew Carnegie, wanda ya yi arzikinsa da ƙarfe a Amurka ya dawo ya sayi gidan Skibo kusa da garin, ya ba su garkuwar azurfa a 1901, har yau ana gasa a kanta kowace shekara. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1902, masu kuɗin Landan suka fara zuwa hutun bazara. A 1906 Sarki Edward na Bakwai ya ba kulob ɗin laƙabin sarauta da ke gaban sunansa. Waɗannan su ne abubuwan da ake bugawa a takardar talla, kuma na ambace su ne don kada a ce na tsallake.

Wanda nake so ku riƙe sunansa ba sarki ba ne, ba attajiri ba. Sakatare ne, John Sutherland. Ya karɓi aikin a 1883 yana matashi, bai sauka ba sai da mutuwa ta sauke shi a 1941. Shekara 58 mutum ɗaya yana riƙe da littafin kulob, yana bin fili da yamma yana duba ciyawa, yana gwada yadda yashi da ruwa ke yi wa ƙasa, yana rubuta maƙaloli a jaridun Landan don a san akwai wani gari mai suna Dornoch. Ba ina yabon dawwama a kujera ba ne, mu nan mun ga illarta fiye da kowa. Abin da nake nunawa shi ne akwai mutum guda da ya san kowane yaron da ke yawo a filin, ya san ɗan wane ne, ya san wanda hannunsa ke da kyau.

Cikin yaran nan akwai Donald Ross, an haife shi a 1872, ɗan wani magini. Kafinta aka sa shi ya koya. Da aka ga yana da hannu a wasa kuma ya iya itace, a lokacin kuwa da itace ake yin sandunan golf, sai aka tura shi St Andrews ya zauna a ƙarƙashin Old Tom Morris ya koyi ƙera sanda da kula da fili. Ya dawo gida a 1893 ya zama mai kula da filin Dornoch kuma mai koyar da wasa. Kun ga musaya ta farko ke nan a tarihin kulob ɗin, ko da ba haka suka kira ta ba: an tura yaro wani gari, ya koyo, ya dawo da abin da ya koyo.

Tafiya ta biyu ita ce ba ta da dawowa. Wani farfesa na jami'ar Harvard, Robert Willson, ya zo hutu, Ross ya koya masa wasa, shi kuma ya ba shi shawarar ya haye Amurka, inda golf ke tasowa kuma babu masu sani. A 1899 Ross ya sauka a Boston ya kama aiki a kulob ɗin Oakley. Shekara ta zagayo James Tufts ya ɗauke shi zuwa Pinehurst a jihar Karolina ta Arewa, wani wurin hutu da ya kafa a cikin yashi da itatuwan fayin. Can Ross ya zauna har ya rasu a 1948. Tsakanin nan ya tsara ko ya gyara filaye kusan 400: Seminole a Florida, Oakland Hills kusa da Detroit, Oak Hill a Rochester, da wanda ya fi ƙauna, fili na biyu na Pinehurst, da aka buɗe a 1907, wanda ya karɓi babbar gasar US Open ta maza a 1999 da 2005 da 2014 da 2024. A shekarar 1907 ɗin nan ƙanensa Alex Ross ya ci US Open. 'Ya'yan magini guda biyu daga garin da ko a taswira sai an ƙura ido.

Me ya tafi da shi daga gida? Kuɗi dai babu. Abin da ya ɗauka yana cikin idonsa. A Dornoch, dandalin da ramin yake, wato wurin nan mai lallausar ciyawa inda ake gangara ƙwallo, a ɗage yake bisa tudu, gefensa na zubewa, kamar an kife kasko. In ka buga ƙwallo ta gaza da taku biyu, sai ta tsaya, ta yi tunani, ta gangaro ta dawo wajen ƙafarka. In ka zarce, ta sulale ta baya. Rami na goma sha huɗu, wanda suke kira Foxy, ko kwarin yashi ɗaya ba shi da shi, amma ƙwararru na jin tsoronsa, don ƙasar kanta ce tarkon. Wanda ya je Pinehurst zai tarar da wannan dabara tana jiransa. Masana na jayayya kan ko tudun dandalan Pinehurst ya ƙaru bayan mutuwar Ross saboda yashin da aka yi ta zubawa shekara da shekaru, amma babu mai musun inda tunanin ya samo asali.

To, me Dornoch ta samu? Da farko, kusan babu. Amurka ta samu filaye 400, Dornoch ta rasa mai kula da filinta. Yaƙin duniya na biyu ya zo aka mayar da wani ɓangare na filin wurin saukar jiragen sama. Masu kuɗin Landan suka sami wasu wuraren hutu. A 1960 aka rufe layin dogo. Garin ya koma lungu, sai wanda ya yi niyya. Sai a 1964 wani marubucin Amurka, Herbert Warren Wind, ya bi sawun Ross ya je ya ga inda ya fito, ya rubuta doguwar maƙala a mujallar New Yorker. Daga nan Amurkawa suka fara tururuwa, mutanen da suka girma a filayen Ross suna son ganin tushen. Tom Watson, wanda ya ci gasar Open ta Birtaniya sau biyar, ya je a 1981, daga baya aka ba shi mamban girmamawa. A 1985 aka kawo gasar 'yan wasan sha'awa ta Birtaniya garin. A 1991 aka buɗe gadar da ta ratsa mashigin teku ta rage nisa. Yau baƙi daga ƙetare su ne ke riƙe da otal-otal da shagunan garin, kuma an ba kulob ɗin gasar Curtis Cup ta mata ta 2028.

Ku lissafa: daga 1899 zuwa 1964 shekara 65 ke nan. Riba ta dawo, amma wanda ya tura yaron bai gan ta ba, yaron ma bai gani ba. Wannan shi ne abin da ya sa nake ganin wasannin musaya na yara sun fi ƙarfin a kira su yawon shan iska. Hanya ce ta samun amfanin tafiya ba tare da an yi asarar matafiyin ba. Yaro ya je mako ɗaya ko biyu, ya gani, ya dawo. Baɗi kuma ɗan wancan gari ya zo. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar nan dole ta taka ta ɓangarori biyu. Tsakanin Dornoch da Pinehurst wannan zumunci ya kafu: manyan mambobin Royal Dornoch da na Country Club of North Carolina da ke Pinehurst suna kai wa juna ziyarar wasa, Pinehurst kuma tana shirya gasar yara da sunan Donald Ross a ƙarshen kowace shekara, ban da gasar duniya ta ƙananan yara da ke tara fiye da dubu daga ƙasashe da dama a yankin duk bazara.

Bari in nuna muku yadda irin wannan wasa yake daga kusa, don a nan darasin yake.

Yawanci ba a ƙirga jimillar bugu kamar yadda kuke gani a talabijin. Rami-rami ake yi: wanda ya shigar da ƙwallo da bugu mafi ƙaranci ya ci wannan ramin, a wuce na gaba, wanda ya fi yawan ramuka ya ci wasa. Da safe kuma akan yi na karɓa-karɓa. Yara biyu, ƙwallo ɗaya. Kai ka buga, abokinka ya buga na gaba, haka har rami. Ka ɗauka kai ne ka karkata bugu, ƙwallo ta faɗa cikin ƙayar nan ta Dornoch. Ba kai za ka shiga ba. Abokinka ne zai kutsa, ƙaya na sukar ƙafarsa, ya nemi yadda zai fito da ita, kai kana tsaye kana kallo, kunya ta rufe ka. Tsofaffin 'yan wasa kan ce a karɓa-karɓa ba a cewa "yi haƙuri", domin rami na gaba kai za ka gyara ɓarnarsa. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu da ya wuce awa uku a cikin wannan hali ya koyi abin da lacca irin tawa ba za ta koya masa ba.

Sannan babu alƙali mai busa usur da ke bin kowa. In ƙwallonka ta motsa saboda kai, ko da babu wanda ya gani, kai za ka faɗa, a ƙara maka bugu. A gasar US Open ta 1925, Bobby Jones ya kai ƙarar kansa a kan haka, aka ƙara masa bugu ɗaya, ya ƙare kunnen doki da Willie Macfarlane, aka sake karawa ya sha kaye. A Worcester aka yi wannan, filin da Ross ya tsara, kuma a nan aka buga Ryder Cup na farko a 1927. Akwai kuma al'adar yafe bugu: in ƙwallon abokin hamayya ta matso daf da rami, kana iya ce masa ya ɗauka, ka ba shi. Yaushe za ka yafe, yaushe za ka sa shi ya buga? Wannan hukunci ne da yaro zai yanke shi kaɗai, a gaban baƙo, a ƙasar da ba tasa ba. In an gama, a cire hula, a yi musafaha, a tafi cin abinci tare. Kyaftin ɗin yaran baƙi, shi ma yaro ne, zai miƙe ya gode wa masu masauki da masu kula da fili da masu dafa abinci. Sau da yawa wannan jawabin na minti biyu ya fi ba shi tsoro fiye da wasan.

Abin da ke sa yaran da ƙarfinsu bai zo ɗaya ba su iya karawa shi ne tsarin rangwame da ake kira handikaf: ana duba sakamakon ɗan wasa na baya, a ba mai rauni ƙarin bugu gwargwadon rauninsa. Tun 2020 tsarin ya zama guda a duniya, saboda haka lambar da yaro ya samu a Kaduna ana iya aiki da ita a Dornoch, muddin an rubuta sakamakonsa da gaskiya. Ku riƙe wannan sharaɗin, zan dawo kansa.

A matakin ƙasashe ma akwai irin wannan. Tun 1958 ake haɗa yaran Birtaniya da Ailan 'yan ƙasa da shekara 18 da takwarorinsu na sauran Turai. An dakata bayan 1966, aka farfaɗo a 1977, kofin kuma yana ɗauke da sunan Jacques Léglise, tsohon shugaban hukumar golf ta Faransa. A 2015 a Royal Dornoch aka buga shi, aka tashi kunnen doki. Akwai Junior Ryder Cup tsakanin Amurka da Turai, maza shida mata shida kowane ɓangare, wanda ya fara a hukumance a 1997. Rory McIlroy ya buga shi a 2004, Jordan Spieth a 2008 da 2010. Amma kada sunayen nan su ruɗe mu. Waɗannan gasa ce ta zaɓaɓɓu, waɗanda dama sun kama hanyar zama ƙwararru. Musayar kulob da kulob daban take, kuma a ganina ta fi amfani, domin a cikin yara goma sha biyu da za su je, da wuya ɗaya ya ci abinci da golf. Sauran za su zama malamai da 'yan kasuwa da injiniyoyi da suka taɓa kwana a gidan baƙo suka ga yadda yake rayuwa.

Kwanan gidan nan shi ne ƙashin bayan abin. In aka sauke yara a otal, suna tare da junansu, suna cin abincin da suka saba, kowa na kan wayarsa, to fili kawai suka canza. In aka raba su gida-gida, nan ne ake musaya. Kuma nan ne aikin manya yake. Yaro Musulmi da za a sauke a gidan da ba Musulmi ba, sai an yi magana tun kafin a tashi: abin da yake ci da wanda ba ya ci, inda zai yi alwala da salla, da yadda zai yi da lokutan salla a garin da magariba ke kaiwa bayan goma na dare, gari kuma ya waye tun kafin ƙarfe huɗu. A duba kalanda kada tafiyar ta faɗa cikin azumi ko jarrabawa. 'Yan mata su tafi da mace babba. A Birtaniya ana bincikar tarihin duk babban da zai yi aiki da yara kafin a ba shi amanarsu, kuma ba na ganin wannan a matsayin rashin yarda. Mu ma ya kamata mu nemi haka daga gare su, mu kuma yi wa namu.

Yanzu in koma ga ɗan'uwana da na ce yana da hujja. Wa ake zaɓa? In aka ce kowane uba ya biya wa ɗansa jirgi, an gama zaɓe tun kafin a buga ƙwallo ɗaya. McIlroy da na ambata, ɗan kulob ɗin Holywood ne kusa da Belfast, kuma sananne ne cewa mahaifinsa ya haɗa ayyuka da dama, har da shara da aikin mashaya, mahaifiyarsa na aikin dare a masana'anta, don su iya kai shi gasa Amurka yana ƙarami. An yaba musu, kuma sun cancanci yabo. Amma kulob ɗin da ya bar wannan nauyi a kan iyaye kaɗai ya ci amanar tarihinsa. Da a ce Dornoch ta 1890 'ya'yan masu hutun Landan kawai take kallo, da ba a san sunan Ross ba. Gaskiya ne 'ya'yan manya ma sun amfana da filin: Joyce Wethered, wadda ta ci gasar matan Birtaniya sau huɗu, da yayanta Roger, a hutun iyayensu a Dornoch suka goge tun suna yara. Sai dai su baƙi ne, sun zo sun tafi. Wanda ya ɗauki sunan garin ya kai shi duniya ɗan magini ne.

Ina muka shigo a wannan labari? Ba da nisa ba. Turawan mulki da na haƙar kuza sun bar mana filaye a Kano da Kaduna da Zariya da Rayfield ta Jos, wasu sun haura shekara ɗari. Ikoyi Club a Legas ta 1938 ce. Akwai lokacin da ƙwararrun Birtaniya ke gudo wa sanyin ƙasarsu su zo gasar Nigerian Open. A nan Sandy Lyle na Sikotlan ya ci gasarsa ta farko a matsayin ƙwararre a 1978, kafin ya ci Open a 1985 da Masters a 1988. Wato an taɓa yin zamanin da matashin Sikotlan ke zuwa wurinmu neman suna.

Ga kuma wani abu da nake so yaranmu su sani. Filayenmu na arewa sun daɗe da dandalin yashi maimakon na ciyawa, yashin da ake cakuɗawa da mai, a share maka hanya kafin ka gangara ƙwallo. Na sha jin matasa na faɗin haka da kunya, kamar filin nasu ba fili ba ne. To, fili na biyu na Pinehurst da dandalin yashi ya yi kusan shekara talatin; sai a 1935 Ross ya mayar da shi ciyawa, shekara ɗaya kafin ya karɓi gasar PGA ta 1936. Yaron da ya san wannan, in ya je ƙetare aka tambaye shi filinsu, zai ba da labari da ƙwarin gwiwa. Wanda bai san komai game da kulob ɗinsu ba, hannu rabbana zai je, ya yi kallo ya dawo yana raina gida. Wannan ce haɗuwar tarihi da musaya: sai kana da abin bayarwa ake musaya da kai.

Shi ya sa nake tambayar shugabannin kulob da ke nan: ina littattafan taronku na shekarun baya? Ina allon sunayen kyaftin-kyaftin da zakarun gasa? Akwai dattawan da suka fara ɗaukar jakar Turawa suna yara, suka tsufa a filin, suka san inda kowane rami yake kafin a matsar da shi. Wa ya zauna da su da na'urar ɗaukar magana? Kowace shekara muna binne wasu daga cikinsu. Dornoch takardar lissafi ɗaya ta riƙe ta yi bikin shekara 400.

Sai maganar gaskiya, wadda na ce zan dawo kanta. Mun san abin da rage shekaru ya yi wa sunanmu a wasannin matasa, mun kuma san labarin waɗanda ake fita da su gasa su ɓace a can. Kulob ɗin ƙetare da zai buɗe wa yaranmu gidajen mambobinsa, da amana zai yi. In muka kai ɗan shekara ashirin muka ce goma sha shida ne, ko muka kumbura handikaf don mu ci kofi, ko muka cusa ɗan wani babba da bai iya riƙe sanda ba, ko jami'ai suka fi 'yan wasa yawa a jirgi, sau ɗaya za a yi mana. Ƙofar da ta rufe kuma ba a kanmu kaɗai za ta rufe ba, har da yaran da ba a haifa ba.

Ni ban ga dalilin da zai sa a fara da Turai ba, da tsadar jirgi da wahalar biza. Yaron Kano da ya saba da ƙasa mai tauri da iskar hunturu, in ka kai shi Jos, tudun da ya haura mita 1,200, da sanyi da duwatsu, ya riga ya shiga wata duniya. In ana son ƙetare iyaka, ga Gana: akwai Achimota a Akara, akwai Royal Golf Club a Kumasi, babu biza tsakaninmu, kuma a zangon Kumasi akwai gidajen da za a yi wa yaro sannu da zuwa da Hausa. In aka yi haka shekara uku ko huɗu ba fashi, aka rubuta sakamako, aka rama ziyara yadda ya kamata, to ranar da za a rubuta wa wani kulob na Sikotlan wasiƙa akwai abin da za a haɗa a ciki.

Roƙona ga shugabannin kulob guda uku ne, kuma babu wanda ke buƙatar kuɗin gwamnati. Ku ware rana ɗaya a mako da yara masu ɗaukar jaka za su buga wasa a filin, a rubuta sakamakonsu kamar na kowa. Ku ɗora wa mutum ɗaya alhakin tattara takardu da hotuna da maganar dattawa kafin damina mai zuwa. Sannan kafin ku bar zauren nan, kyaftin biyu su haɗu a bakin ƙofa su tsayar da ranar da yaran ɗaya za su je wurin ɗaya, da ranar da za a rama, kuma rabin kujerun motar su zama na yaran da iyayensu ba mambobi ba ne.

Shugaban taro, in akwai tambayoyi, ina nan.